Darasin Fim: In 'Yan'uwa Ba Sa Magana, Ɗora Su a Kan Hanya

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu fama da aikin rubuta labarin fim a wannan zangon, ga wata dabara da na tsinta a finafinan barkwancin Italiya. Mutum biyu jini ɗaya, amma ba sa ga-maciji. Ya za ka yi su buɗe baki ba tare da ka tilasta su ba? Italiyawa sai su haɗa su tafiya mai nisa, inda babu ƙofar da wani zai buga ya fice.

Mu ɗauki fim ɗin "50 km all'ora" na 2024, wato kilomita 50 a awa. Fabio De Luigi ya ba da umarni, kuma ya fito tare da Stefano Accorsi a matsayin wa da ƙani. Ɗaya ya zauna gida da tsohon, ɗayan ya yi nisan kiwo, sai rasuwar mahaifin ta sake haɗa su. Suka ɗauko tsofaffin ƙananan baburansu suka bi hanya. Ku lura da saurin nan. Da jirgi suka hau, da ba fim. Babur mai tafiyar hawainiya shi ke ba wanda ya yi jinya lokacin amayar da abin da ya daɗe yana cin sa, tsakanin wata dariya da wata. Asalin labarin ma na Jamusawa ne, "25 km/h" na 2018.

A "Tre uomini e una gamba" na 1997 kuwa auratayya ce ta haɗa su. Aldo da Giovanni na auren 'ya'yan maigidansu, Giacomo zai auri ta ukun, suka taso daga Milan zuwa kudu wajen biki ɗauke da sassaƙen ƙafar katako mai tsada ta surukin. Kayan da aka ba ka amana, nan rigima take kwana.

Amma kada ku ɗauka duk raha ce. A "Il sorpasso" na Dino Risi, 1962, ba 'yan'uwa ba ne ma: wani ɗan duniya ne ya ja wani ɗalibin lauya mai kunya yawo a mota. Ni dai na yi ta ƙyaƙyata dariya har minti na ƙarshe, inda motar ta kauce ta faɗa gangaren dutse a bakin teku. Direban ya tsira, ɗalibin ya mutu.