Awon Magana da Awon Lissafi Kafin Yanke Hukunci

Tantance magana shi ne mutum ya dakata kafin ya gaskata labari, ya bincika daga bakin wa ya fito da kuma hujjar da aka kafa shi a kanta, sa'an nan ya duba ko hukuncin da aka ciro ya yi daidai da hujjar da aka bayar. Wannan ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Borno da ƙasar Hausa, domin malaman zaure sun daɗe suna karantar da manɗiƙi, wato fannin da ke shimfiɗa ƙa'idojin tsare tunani daga kuskure, kuma Shehu Abdurrahman, malamin Aljeriya na ƙarni na 16 wanda kowane ɗalibi ya san littafinsa na ibada da ake kira Ahalari, shi ne mawallafin Sullamu, ɗaya daga cikin sanannun littattafan wannan fanni. Malaman hadisi kuma sun kasa bincikensu gida biyu, isnadi da matani, wato jerin mutanen da magana ta biyo ta hannunsu da kuma ainihin abin da aka faɗa. Abin takaici shi ne wannan gado ya tsaya a cikin littattafai, bai cika biyo mutane kasuwa da majalisa da wayar hannu ba, alhali kuwa yawancin kurakuran da ke jawo asarar dukiya da rai daga gaggawa suke tasowa, ba daga ƙarancin basira ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne karɓar labarin da ba shi da uba, wanda akan buɗe da "an ce" ko "wai", domin mai magana ya sami damar yaɗa abu ba tare da ya ɗauki nauyinsa ba. A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta shigo Legas ta hanyar wani matafiyi daga Laberiya, a farkon watan Agusta kuma wani saƙo ya karaɗe ƙasar cikin dare guda, daga kudu har arewa, cewa wanka da ruwan gishiri mai ɗumi da shan sa suna kare mutum daga cutar. Wayoyi suka yi ta ƙara tun kafin asuba, ɗa yana kiran uwa, ƙanwa tana kiran yaya, aka tashi yara daga barci aka ɗora tukwane a murhu, kowa yana ganin idan bai isar da saƙon ba ya ci amanar danginsa. Aƙalla mutum biyu suka rasa rayukansu, aka kwantar da wasu da dama a asibiti. Da za a bi isnadin wannan saƙo, da an tarar kowane mutum a cikin jerin amintacce ne mai nufin alheri, sai dai babu ko ɗaya daga cikinsu da ya san inda maganar ta samo asali.

Bayan ƙura ta lafa sai kuskure na biyu ya biyo baya, wato faɗar cewa an yi wankan gishiri kuma ga shi ba a kamu ba. Mutum 20 ne suka kamu da Ebola a duk faɗin Najeriya, 8 daga cikinsu suka rasu, cutar kuma ba ta iso arewa ba har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewarta a ƙasar ranar 20 ga Oktoba, 2014. Ashe ke nan maƙwabcin da ya ci gaba da barcinsa a wancan dare shi ma bai kamu ba. Amfanin magani ba ya tabbata sai an kwatanta waɗanda suka yi amfani da shi da waɗanda ba su yi ba, alhali dukkansu suna fuskantar haɗari iri ɗaya.

Akwai kuma kuskuren ɗora wa abu sunan da ya fi shi nauyi. Bayan faɗuwar Birnin Gazargamu, fadar Borno, a 1808, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya yi musayar wasiƙu da shugabannin jihadin Sakkwato, kuma Muhammadu Bello, ɗaya daga cikin shugabannin, ya kawo wasu daga cikin wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisuri. Jigon hujjar al-Kanemi shi ne saɓo daban, kafirci daban, kuma da za a kafirta ƙasa saboda ana saɓo a cikinta, da Masar kanta ba ta tsira ba. Bello ya mayar da martani da nasa hujjoji, wanda ke nuna cewa ɓangarorin biyu sun ɗauki iyakar ma'anar kalma a matsayin abin da ya cancanci tawada da takarda. Mutanen Maiduguri na wannan zamani ba su bukatar a tuna musu abin da ke biyo baya idan aka rushe wannan iyaka.

A fagen lissafi, babbar matsala ita ce ambaton adadi ba tare da ambaton abin da aka auna shi da shi ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a watan Disamba na 2024, sa'an nan ta ba da kashi 24.48 a watan Janairu na 2025, bayan ta sauya shekarar da take dogaro da ita wajen awo daga 2009 zuwa 2024. Mai cefane a Kasuwar Monday ko ta Gamboru a Maiduguri da ya ji wannan labari a rediyo, ya je ya tarar kaya ba su sauko ba, yakan ce ƙarya aka yi masa, alhali adadin bai taɓa yi masa alkawarin sauƙi ba. Abin da ake aunawa shi ne saurin hawan farashi, ba farashin kansa ba. A misali, mudun gero na naira 1,000 idan ya hau da kashi 35 ya zama 1,350, idan kuma ya sake hawa da kashi 24 a shekara mai zuwa ya zama 1,674, wato hauhawa ta ragu amma gero ya ƙara tsada. Irin wannan ɗan lissafi ne da an yi shi da ya tona asirin tsarin MMM, wanda ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 a kowane wata kafin ya daskarar da kuɗinsu a watan Disamba na 2016, domin naira 10,000 a kan wannan riba za ta haura naira 230,000 cikin shekara guda, kuma babu fataucin shanu ko na kifi da ya taɓa ninka jari fiye da sau 23 a shekara.

Misalin da ya fi cancantar dogon nazari shi ne na Tafkin Chadi. An saba ji a tarurruka cewa tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin 100, kuma maganar tana da tushe, domin faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, sa'an nan farin shekarun 1970 da na 1980 suka mayar da shi ɗan kaɗan, har ya rabu gida biyu, kwarin arewa da na kudu. Amma shekarun farko na 1960 shekaru ne na ruwan sama mai yawa fiye da al'ada, kuma a farkon ƙarni na 20 ma tafkin ya taɓa ja da baya sosai kafin ya sake cika. Tafki ne marar zurfi wanda mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, saboda haka ƙaramin canji a damina yakan matsar da gaɓarsa tazara mai nisa, abin da masuntan Baga suka daɗe da sani. Wani bincike da aka wallafa a 2020 bisa hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa tafkin bai ci gaba da raguwa ba a shekaru ashirin da suka gabace shi, kuma wani sashe na ruwan yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi. Wanda ya fara awo daga 1963 zai ce tafkin yana mutuwa, wanda ya fara daga tsakiyar shekarun 1980 zai ce yana farfaɗowa, duk da cewa tafki ɗaya suke kallo. Wannan ba gardamar masana kawai ba ce, domin babban shirin noman rani na kudancin tafkin a yankin Marte, wanda aka tsara don shayar da fiye da hekta 60,000, an gina shi ne bisa tsayin ruwan shekarun yalwa, kuma bai daɗe da fara aiki ba ruwa ya janye ya bar magudanarsa a bushe.

Haka nan ambaliyar madatsar Alau da ke kusa da Maiduguri, ta 1994 da ta ranar 10 ga Satumba, 2024, ba su kafa dokar cewa sai bayan shekara talatin za a sake ganin wata ba, domin aukuwa biyu ba su isa a gina ƙa'ida a kansu ba, kuma abin da ke hukunci shi ne ƙarfin madatsar da yawan ruwan da kogin Ngadda ya ɗauko.

Kuskuren da ya fi kowanne saurin haddasa fitina shi ne ƙulla sababi tsakanin abubuwa biyu don kawai sun haɗu a lokaci ɗaya. Akan kare shi da cewa ruwa ba ya tsami banza, wanda gaskiya ne, sai dai karin maganar bai faɗi abin da ya tsamar da ruwan ba. A daren 9 ga Janairu, 2001, an yi husufin wata, sai wasu matasa a Maiduguri suka fantsama tituna suka afka wa otal-otal da mashaya, bisa zargin cewa zunuban da ake aikatawa a wuraren ne suka jawo abin. Husufin wata yana aukuwa ne idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata inuwarta ta faɗa a kansa, shi ya sa ba ya zuwa sai a tsakiyar watan Musulunci lokacin da wata ya cika, kuma wancan dare ya faɗo ne a tsakiyar Shawwal. An ga wannan husufi a lokaci guda a Afirka da Turai da Asiya, har da Makka da Madina, saboda haka babu yadda za a yi wata unguwa guda ta zama sanadinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa rana ta yi husufi a ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuwa ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne waɗanda ba su husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umurce su da salla da addu'a. Ƙin aikin saɓo abu ne mai zaman kansa da hujjojinsa, ba ya bukatar a jingina shi da sababin da ba a tabbatar ba.

Da husufin rana na 29 ga Maris, 2006 ya gabato, wanda duhunsa ya ratsa yankin Gusau da Katsina zuwa cikin Nijar, hukumomi sun yi ta sanar da jama'a tun kafin ranar, saboda darasin 2001. Masana taurari sun riga sun lissafa cewa ranar Litinin, 2 ga Agusta, 2027, rana za ta yi cikakken husufi a kan Libiya da Masar da Saudiyya, kuma a Maiduguri za a ga wani sashe nata ya rufe. Ana kira ga limamai da malaman tsangaya da na boko da ma'aikatan gidajen rediyo da su sanar da wannan rana tun da wuri, su bayyana wa yara yadda abin ke faruwa, su kuma gargaɗe su kada su kalli rana da tsirarar ido.