Auna Hayaƙin Tashoshin Lantarki daga Sararin Samaniya

Ɗalibai, kun san cewa yawancin tashoshin samar da wutar lantarki suna ƙona kwal ko iskar gas ko mai. Abin da ke fita daga dogayen bututunsu ba hayaƙin da ido ke gani kaɗai ba ne. Akwai iskar da masana ke kira NO2, da kuma SO2 wadda ke fitowa daga farar wutar da ke cikin kwal. Duka biyun suna cutar da huhu, suna kuma tayar da ciwon asma, musamman ga yara da tsofaffi.

To, wa zai auna su? A da, sai dai a dogara da na'urorin da aka kafa a ƙasa, ko da alƙaluman da masu tashar suka bayar da kansu. Ba kowane mai tasha ne ke son a san gaskiyar abin da yake fitarwa ba.

A watan Oktoba na shekarar 2017 Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Sentinel-5P. Yana shawagi a nisan kilomita 824 daga ƙasa, ɗauke da na'urar TROPOMI, kuma yana leƙa kusan duk faɗin duniya kowace rana.

Ku lura da yadda yake aiki. Hasken rana yana sauka ƙasa, sannan wani sashensa ya koma sama. A kan hanyarsa, kowace irin iska tana shanye wani yanki na hasken da ya keɓanta da ita. Na'urar tana rarraba hasken zuwa launuka, kamar bakan gizo, ta duba inda ya ragu. Gwargwadon raguwar, gwargwadon yawan iskar. Daga nan masana sukan haɗa wannan da saurin iskar da ke kaɗawa a ranar, su ƙiyasta abin da tasha take fitarwa.

Da irin waɗannan bayanai ƙungiyar Greenpeace ta nuna a 2018 cewa lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu, inda tashoshin kwal na kamfanin Eskom suka taru, yana sahun gaba a duniya wajen yawan NO2.

Sai dai tauraron ba ya gani da dare, gajimare kuma yana rufe masa ƙasa. Wata matsalar ita ce cunkoso. Tashar Egbin da ke kusa da Ikorodu tana ƙona gas, amma motoci da janaretocin Legas ma suna fitar da NO2, don haka raba nata da na birnin aiki ne mai wuya.

Aiki: Cikin jimloli biyar, ku bayyana dalilin da ya sa tashar da ke nesa da gari ta fi sauƙin aunawa daga sama.