Kafin Ka Sayi Tsohuwar Na'urar Juya Faifai

Mutum ya gaji amfilifaya ƙirar Sansui ko Marantz ta shekarun 1970, ga sifiku manya, ga tulin faya-fayai a kwali, abin da ya rage masa kawai na'urar da za ta juya su. Yawanci da suna da kyan katako ake farawa. Ni dai shawarata, ɗan'uwa, ka fara da juya amfilifayarka ka duba bayanta.

Nemi ramukan da aka rubuta Phono a kansu. Siginar da kan allura ke fitarwa ƙarama ce ainun, milibolt 3 zuwa 5 a irin wanda ake kira MM, kuma tun wajen yanka faifai an rage kaurin sauti an ƙara kaifinsa bisa ma'aunin RIAA na 1954. Wannan mashiga ce ke ɗaga siginar ta mayar da sautin yadda yake. In ka jona a Aux, za ka ji shi can ƙasa, siriri ba nauyi. Galibin amfilifayoyin wancan zamani don MM aka yi su, saboda haka ka bar kan MC, wanda abin da yake fitarwa bai cika kai rabin milibolt ba, sai in za ka sayi ƙarin na'ura. Siririyar waya ta uku kuma a ɗaure ta a ƙusar GND, in ba haka ba gurnani ba zai bar ka ka ji waƙa ba.

Inda na fi ganin ana asara shi ne wajen wuta. Tamu a Najeriya da Nijar bugunta 50Hz ne, ta Amurka kuwa 60Hz. Na'urori da yawa masu bel ko tayar roba, irin su Pioneer PL-12D da Garrard 401, injinsu da bugun wutar yake daidaita gudunsa. Wadda aka shirya don Amurka, in ta zo nan za ta rasa kashi ɗaya cikin shida na saurinta: juyi 33 a minti ya koma kusan 28, muryar mawaƙi ta yi nauyi tana ja. Taransifoma ba ta magance wannan, ƙarfin wuta kaɗai take saukewa. Sai an canza ɗan ƙarfen da ke kan injin, samunsa kuma aiki ne. Wutar janareta ma ba ta tsayawa a bugu guda. Shi ya sa na fi karkata ga Technics SL-1200MK2, wadda ta fito a 1979: injin ne ke juya farantin kai tsaye, ƙwayar kwatz ce ke riƙe gudun, babu bel da zafi zai narkar. Amma ka karanta bayanta, domin ta kasuwar Japan bolt 100 take sha. In kana da faya-fayan garmaho masu gudun 78, ba ta juya su. Nemi Dual 1219 da allura mai kauri ta musamman.

A wajen ɗan gwanjo, ka sa a kunna ta a gabanka. Riƙe hannun allura ka motsa shi a hankali. In yana kaɗawa ko yana cijewa, bar ta komai arha, gyaransa ya fi na komai wuya. Allurar da ta zo da ita kada ta taɓa faifanka. Sa sabon kan allura, kamar Audio-Technica AT-VM95E, ka daidaita nauyinsa a giram 2.