Nikodimas: Ƙauyen da Jirgin Ƙasa Ya Kauce wa

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi nazarin wani ɗan ƙauye mai suna Nikodimas, wanda ke arewa maso yammacin Jihar Kansas ta ƙasar Amurka. Manufarta ita ce a nuna yadda yanayin ƙasa da hanyar sufuri kan raya gari ko su durƙusar da shi.

Yanayin Ƙasa

Nikodimas yana cikin gundumar Giraham, kusa da reshen kudu na Kogin Solomon. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, ciyawa ce iyakar ganin ido, itatuwa kuwa sai jefi-jefi a bakin kogi. Ruwan sama ba shi da yawa, ga kuma matsanancin sanyi a lokacin hunturu.

Kafuwar Ƙauyen

An haramta bauta a Amurka a 1865, amma baƙar fata na kudancin ƙasar ba su huta da wulaƙanci ba, kuma akasarinsu ba su mallaki gona ba. To, akwai wata doka ta 1862 wadda ta ba mutum damar mallakar eka 160 idan ya zauna ya nome ta shekara biyar. Wannan ne ya jawo 'yantattun bayi, yawancinsu daga Jihar Kentaki, suka kafa Nikodimas a 1877. Da yake babu itacen gini, sai suka haƙa ramuka a ƙasa, suka rufe su da ƙasa da ciyawa, suka mai da su ɗakunan kwana. A haka suka ci hunturun farko cikin yunwa da sanyi. Kafin shekara goma ta cika, ƙauyen ya sami makaranta da majami'u da kantuna da banki, har da jaridu biyu.

Koma-bayansa

Manomi a irin wannan wuri ba ya cin ribar alkamarsa sai da hanyar kai ta kasuwa. Saboda haka mutanen Nikodimas suka sa rai ga layin dogo. Amma a 1888 kamfanin Union Pacific ya shimfiɗa layinsa ta kudancin kogin, aka kafa sabon gari mai suna Bog a bakin hanyar. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu suka koma can. Daga baya fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka kori manoma da dama. A ƙidayar 2020, mutum 14 kacal aka samu a ƙauyen.

Kammalawa

Duk da haka Nikodimas bai mutu ba. A 1996 gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, aka keɓe tsofaffin gine-gine biyar domin adanawa. Haka kuma a ƙarshen watan Yuli na kowace shekara, jikokin waɗanda suka kafa shi kan taru daga garuruwa masu nisa, su yi bikin tunawa da samun 'yanci a ƙasar da kakanninsu suka fara nomawa da sunan kansu.