Darasi: Idan Rumbun Kwamfuta Ya Cika

'Yan'uwa, a wurare da yawa kwamfuta ɗaya ce tak muke da ita, a ofishin ikkilisiya, ko asibitin ƙauye, ko makaranta. A cikinta sunayen marayu da gwauraye masu karɓar taimako suke, da lissafin adashin zumuntar mata. Ranar da ta ƙi karɓar sabon aiki, sai a shiga goge abubuwa da gaggawa, a nan ne muhimman takardu sukan salwanta.

Mene ne rumbun kwamfuta?

Na'ura ce a cikin kwamfuta inda kome yake zama ko an kashe ta. Mudun awonsa shi ne megabayit da gigabayit. Gigabayit ɗaya kusan megabayit 1,000 ne. Rumbu na farko, wanda kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1956, bai wuce megabayit 5 ba. Yau hoto ɗaya na waya yana iya cinye wannan. Wasiƙa mai shafi biyu ba ta kai megabayit ɗaya, amma bidiyon minti ɗaya yana iya wuce megabayit 100. Ashe ba takardunmu ne suke cika rumbu ba, bidiyo ne da hotuna.

Alamun cika

Kwamfuta takan yi nauyi, ta ƙi ajiye aiki. A Windows, layin da ke nuna girman rumbu yakan koma ja idan wurin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Abin da za mu yi, bi da bi

1. Mu fara ware iri. Manomi ba ya share rumbu sai ya keɓe irin shuka. Mu kwafi rajista da lissafin kuɗi a filashi, mu buɗe kwafin mu tabbata yana aiki, sa'an nan mu ajiye shi a wani gida dabam saboda gobara ko ɓarayi.
2. Mu kwashe bidiyon biki da fina-finai zuwa wani filashi ko rumbun waje. Mu leƙa foldar Downloads, inda abin da aka sauke daga intanet yake taruwa.
3. Mu zubar da kwandon shara, wato Recycle Bin. Abin da aka goge yana nan a ciki, yana tare wuri. Amma mu duba shi tukuna.
4. Mu yi amfani da Disk Cleanup, manhajar da take zuwa tare da Windows. Tana kwashe tarkacen da kwamfuta ta tara da kanta.
5. Mu cire manhajojin da ba a amfani da su ta wurin Settings. Goge alamarsu a fuskar kwamfuta ba ya cire su.

Gargaɗi

Kada mu taɓa foldar Windows ko Program Files, gama da su kwamfuta take tashi. Fayil ɗin da ba mu sani ba, mu bar shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan mai gyara ya ce sai an yi fomatin, mu sani wannan share rumbu ne ƙaf. Kada mu yarda sai kwafinmu yana hannu.

Tambayoyi don tattaunawa

- Waɗanne takardu ne idan sun ɓace aikinmu zai tsaya? Muna da kwafinsu?
- Wane ne yake da izinin saka fim ko waƙa a kwamfutar jama'a?
- Wa za mu ɗora wa duba rumbu da sabunta kwafi a ƙarshen kowane wata?

Bari kowane kwamiti ya amsa waɗannan a zamansa na gaba, ya rubuta sunan wanda aka zaɓa a littafin taro.