Yaushe Kujerar Mota Take Yi wa Yaro Kaɗan?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi kujerar nan ta yara da ake ɗaurewa a bayan mota, wadda yanzu ake ganinta jefi-jefi a motocin da ke kai yara makaranta a Arkilla, Gawon Nama, Mabera da sauran unguwannin Sakkwato. Tambaya ɗaya za mu tsaya a kai: ta yaya uwa za ta gane cewa kujerar ta yi wa ɗanta kaɗan?

Da yawa daga cikinmu idan aka tambaye mu, ɗayan uku za mu ce: shekarun yaro, ko nauyinsa, ko kuma ƙafafunsa da suka yi tsawo. Nauyi yana da nasa muhimmancin, kuma za mu zo kansa. Amma abin da ya fi saurin fitar da yaro daga kujerarsa shi ne tsawon gangar jikinsa, wato daga mazaunansa zuwa kafaɗarsa in yana zaune.

Bari mu fara da abin da kika riga kika sani. Idan za ki goya yaro, ai ba ki tsayawa duba inda ƙafafunsa suka kai. Abin da kike lura da shi, ina bakin zani ya kama a bayansa? In ya yi ƙasa, yaro ya rinjayi baya. In jinjiri ne kuwa sai kin ja shi har ya tallafi wuya. To haka kujerar mota take. Maɗaurinta wuri 5 yake kamawa: kafaɗu biyu, gefen ƙugu biyu, da tsakanin cinyoyi, duka su haɗu a makulli guda. Igiyoyin kafaɗa suna fitowa ne daga wasu ramuka da ke jere a jikin majinginar kujerar, wani bisa wani, don a riƙa matsar da su sama yayin da yaro ke girma. A wasu kujerun na zamani babu zare igiya, matashin kai ake ja sama, igiyoyin su bi shi. Ko wacce iri ce dai, akwai matakin ƙarshe. Ran da kafaɗar yaro ta haye shi, maɗaurin ya gama yi masa aiki, ko da kuwa saura kilo da yawa ya kai nauyin da aka rubuta.

Mu da ke koyarwa a Islamiyya kullum muna ganin wani abu. Ka tsayar da yara biyu a layi, kansu ɗaya, babu wanda ya ɗara wani. Suna zama a kan benci sai ka ga ɗaya ya kere ɗan uwansa da yatsu biyu ko uku. Wani tsawonsa a ƙafa yake, wani kuwa a gadon baya. Wanda tsawonsa ke baya zai iya riga sa'ansa fita daga kujera da shekara guda ko fiye, alhali ma'auni ɗaya suke bugawa a asibiti. Shi ya sa ba a cewa "ai yayansa sai da ya shekara 5 a cikinta, shi ma zai kai." Ciki ɗaya ba ya hana jiki ya bambanta.

Kuma girman yaro ba ya tafiya bai ɗaya. Jariri sabon haihuwa, kusan kashi biyu cikin uku na tsawonsa kai ne da gangar jiki, ƙafafun 'yan guntaye ne. Daga nan ƙafafu ke fin gangar jiki saurin girma, har zuwa gab da balaga a tarar sun zama kusan rabi da rabi. Saboda haka wando zai iya ɗage wa yaro sau biyu a shekara amma kafaɗarsa a kujera ba ta motsa sosai ba. Bayan shekara 3, abin da gangar jiki ke ƙarawa kimanin inci 1 ne a shekara.

Me ya sa ake wannan ƙwaƙƙwafi a kan inci ɗaya ko biyu? Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda gudu ne na cikin gari, in ta daki abu ta tsaya cak, jikin da ke ciki kamar ya faɗo ne daga tsawon mita 10, wajen bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar ido babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro, komai ƙarfin ƙauna. Maɗauri ne ke riƙewa, shi ma sai ya zauna inda aka ƙera shi ya zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kujerar yara tana rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari, amma wannan ga wadda ta dace da jikin yaro ne kuma aka ɗaure ta daidai.

A nan sai ki natsu, domin hukuncin kashi biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne.

Idan kujerar tana kallon bayan mota, yadda ake zaunar da jarirai da ƙananan yara, igiyar kafaɗa za ta fito daga daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan. Dalili kuwa, in aka yi karo ta gaba, jikin yaro zamewa yake son yi sama a kan majingina, igiyar da ta fito daga ƙasa ita ke danne shi. A wannan zaman, alamar kujera ta yi kaɗan a kai ake ganinta: idan tsakanin tsakar kan yaro da ƙarshen kujerar bai kai inci 1 ba, wato santimita 2 da rabi, to yawancin kamfanoni sun ce ta ƙare masa. Kin ga nan ma tsawon zaune ake aunawa. Amma ƙafafun da suka tokari bayan kujerar mota, waɗanda su ne ke tayar wa iyaye hankali har su juya yaro gaba tun lokaci bai yi ba, ba su ne matsala ba. Yaro naɗe ƙafa ba ya damunsa, ki dube shi a kan tabarma. Wuyansa ne bai yi ƙwari ba ga kai mai nauyi, kuma kallon baya shi ke tallafe kai da wuya da baya gaba ɗaya. Ƙa'idar Turai da ta fara aiki a 2013 ta hana juya yaro gaba kafin wata 15, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma a 2018 ta ce a bar shi yana kallon baya har iyakar abin da kujerarsa ta yarda.

Idan kuwa an juya kujerar tana kallon gaba, sai abin ya juye: igiya ta fito daga daidai kafaɗa ko sama da ita. Nan ne aka fi yin sakaci, don yaro zai shiga ya zauna lafiya, makulli ya kulle, kowa ya ɗauka komai daidai. Alhali igiyar daga ƙasan kafaɗa take fitowa, ta hau ta lanƙwaso kamar hannun jakar makaranta. In aka yi karo, jiki ya yi gaba, igiyar sai ta danna kafaɗu ƙasa ta matse ƙashin baya, kai kuma ya sami damar tafiya gaba fiye da kima har ya daki abin da ke gabansa. Don haka kafaɗa ta haye ramin ƙarshe, kujera ta ƙare. Saman kunnuwa ya wuce ƙarshen kujera ko matashin kai, ta ƙare. Nauyi ko tsawo ya wuce wanda kamfani ya rubuta, ta ƙare. Ba sai sun taru ba, duk wanda ya riga zuwa shi ne hukunci.

Awon kansa ba wuya. Ki zaunar da yaro a ƙasa, bayansa da mazaunansa manne da bango, kada ya zame. Ki ɗora rula ko siririn littafi a kwance bisa kafaɗarsa har ya taɓa bango, ki yi alama da alli, sannan ki auna daga ƙasa zuwa alamar da tef ɗin tela. Ita ma kujerar ki auna ta, daga inda mazaunai ke zama, kina ɗan danna katifar, zuwa ramin ƙarshe. Bambancin da ke tsakani shi ne sauran zaman da ya rage masa. Wasu kujerun raminsu na ƙarshe a wajen inci 15 yake tsayawa, wasu kan kai 18 ko 19, to ki lissafa da inci 1 a shekara ki ga irin tazarar da ke tsakaninsu. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a tura maigida sayen kujera da shekarun yaro kawai a baki. A ba shi awo a takarda, da tef a aljihu. Amma fa gwajin gaskiya sai an zaunar da yaron a ciki, kin sunkuya kin dubi kafaɗarsa ta gefe, idonki daidai da ita.

Yawancin kujerun da ke shigo mana na hannu ne, wasu cikin kayan gwanjo, wasu a cikin motoci 'yan Kwatano. Ki duba takardar da ke manne a gefe ko a ƙasa. Ta Turai lambarta ruwan lemo ce: tsofaffin da kilo suke magana, misali har kilo 13, ko 9 zuwa 18, sababbin kuma da santimita. Ta Amurka da fam da inci take rubutu. Fam 40 kilo 18 ke nan, fam 65 kuma wajen kilo 29. Kada wannan 65 ɗin ta ruɗe ki, yara da yawa kafaɗarsu na hayewa tun ba su kusanci nauyin ba. Ki nemi shekarar da aka ƙera ta, domin kamfanoni kan ba kujera wa'adin shekara 6 zuwa 10, kuma robar da ta sha ranar Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ba ta buƙatar a ƙara mata wa'adi. Wadda ta tsage, ko aka san ta taɓa shiga mummunan haɗari, a haƙura da ita. Af, tunda mun ambaci zafi, ki riƙa taɓa ƙarfen makullin kafin ki sa yaro, yana ƙuna.

Wani abu da ke ɓata awo shi ne tufafi. Da ɗari, rigar sanyi mai kauri tana sa a ga kamar igiya ta kama, alhali iska ce a tsakani. A ɗaure yaro da kaya marasa kauri, sannan a lulluɓa masa bargo a sama. Bayan kin ja igiya, ki gwada tsunkule ta da yatsu biyu a kan kafaɗa; in ta tsunkulu, da saura. In kujerar tana da ɗan maƙalin ƙirji, a daidai hammata yake zama, ba a kan ciki ba.

To kafaɗa ta haye, sai me? In yaron ƙarami ne har yanzu, irin ɗan shekara 3 ko 4 mai dogon baya wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, abin da ya fi shi ne kujera mai maɗauri wadda raminta ya fi tsawo. In ya yi wayo, yana iya zama tsaf har a isa Illela ko Tambuwal bai kwanta gefe ba, bai wasa da bel ba, sai a koma kujerar ɗagawa. Ita ba ta da maɗaurin kanta, ɗaga yaro take yi don bel ɗin mota ya bi ta tsakiyar kafaɗa da saman cinya, maimakon wuya da ciki. Ba a haɗa ta da bel mai kama ƙugu kaɗai, irin na tsakiyar kujerar baya a tsofaffin motoci. Yaro kan buƙace ta har ya kai wajen santimita 145, galibi tsakanin shekara 8 zuwa 12.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato 'yan Rod Sefti, da aka kafa a 1988 kuma ta fara tilasta ɗaura bel a 2003, ta daɗe tana jan kunne cewa yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama. Kujera mai kallon baya kuwa ba a taɓa sa ta a gaba inda jakar iska ke aiki. Gidan da bai samu halin sayen kujera ba tukuna, ko wannan ɗin a riƙe, kuma kada a ɗaura bel ɗaya a kan uwa da yaron da ke cinyarta, don nauyinta ne zai danne shi.

Wadda ke da kujera ɗaya da ake gadonta daga wa zuwa ƙane, ta tuna ta sauko da igiyoyin zuwa matakin sabon mai ita kafin tafiyar farko. Awon kuma a maimaita shi duk wata 3, ko kuma duk lokacin da tela ya zo awon ɗinkin Sallah, a roƙe shi ya ƙara da na mazauni zuwa kafaɗa.