JANWE: AIKINSA DA LADUBBAN RIƘONSA A ƘETAREN KOGIN KADUNA

Gabatarwa

Ɗalibin Hausa yakan zaci nazarinsa ya tsaya ga waƙa da zube da wasan kwaikwayo. Amma kuwa harshe yana zuwa duk inda mai shi ya je neman abinci. Wannan 'yar maƙala za ta dubi janwe, wato na'urar nan mai naɗe igiyar ƙarfe a jikin ganga don jan kaya masu nauyi, wadda har ta ba motar da ke ɗauke da ita suna. Za mu ga yadda yake aiki, da inda haɗarinsa yake, da kuma rawar da harshe ke takawa wajen tsare ran ma'aikaci.

Muhallin Nazari

Wanda ya ƙetare gadar Kaduna ya nufi kudu, ya shiga yankin ƙarfe da injuna. A nan mahaɗar jirgin ƙasa take. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, sannan matatar mai ta biyo baya a 1980 a kan hanyar Kachiya. Manyan injunan waɗannan wurare ba a ka aka shigar da su ba. Jan su aka yi, aka ɗaga, aka girke. Masaƙun sun durƙushe daga baya, amma aikin janwe bai ƙare ba. Har yanzu shi ke fid da tirelar da ta faɗa kwazazzabo a hanyar Abuja, shi ke hawar da mataccen inji bayan mota a garejin Makera.

Yadda Yake Aiki

Janwe jikan guga ne. Mai jan ruwa yana ja da damtsensa, mai janwe kuwa yana juya mariƙi, ko ya bar wa inji, igiya tana naɗuwa. Na'urar ba ta ƙirƙirar ƙarfi, musaya take yi. Misali, idan tsawon mariƙi santimita 40 ne, daga tsakiyar ganga zuwa bayanta kuma santimita 10, to ƙarfin da zai ɗaga kilo 25 ya isa ya ɗaga kilo 100. Sai dai hannu zai yi tafiyar mita huɗu kafin kaya su yi mita ɗaya. Dabara ta fi ƙarfi, in ji Hausawa, amma ladanta haƙuri ne.

Haka nan janwe ya fi ƙarfi a naɗin farko. Duk lokacin da igiya ta hau kan 'yar'uwarta, ganga ta ƙara kauri, ƙarfin ja ya ragu. Nauyin da maƙera suka rubuta a jikinsa na naɗin farko ne, abin da masu aiki da yawa ba su lura da shi ba.

Inda Haɗari Yake

Igiyar da ta ɗaure tamkar baka ce da aka ɗana. In ta tsinke, ko ƙugiya ta kuɓuce, takan dawo da tsananin da zai yanke ƙafa ko ya raba mutum da duniya. Saboda haka akwai ladubba biyar. Na farko, a duba igiya kafin aiki. In ta yi tsatsa, ko ta lanƙwashe, ko silinta sun fara tsittsinkewa, a sauya ta. Na biyu, kada a wuce nauyin da aka ƙayyade. Na uku, a bar aƙalla naɗi biyar a jikin ganga, domin su ke riƙe da kaya, ba ƙullin ƙarshe ba. Na huɗu, kada kowa ya tsallaka igiya, ko ya tsaya daura da ita, ko ƙarƙashin kaya, kuma kada a gyara mata zama da hannu tana tafiya. Na biyar, janwen da aka ƙera don ja a ƙasa ba na ɗaga kaya sama ba ne, balle mutum, domin birkinsa ba na wannan aiki ba ne. Dokar Masana'antu ta 1987 ma ta wajabta a riƙa binciken igiyoyi da sarƙoƙin ɗaga kaya lokaci-lokaci.

Rabon Harshe

A nan ne zancen ya zo ƙofarmu. Wurin aiki akwai ƙarar inji, ga 'yan kallo kowa na ba da shawara. Kalmar "saki" tana iya nufin a sassauta kaɗan, tana iya nufin a saki baki ɗaya, tsakanin ma'anonin biyu kuwa akwai ran yaron mota. Ya kamata mutum ɗaya tak ya ba da umarni, da kalmomin da aka yarda da su tun kafin a ta da inji, tare da ishara ta hannu. Kalmar "tsaya" ce kaɗai ke halatta daga bakin kowa.

Kammalawa

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma mu ne muka ce rigakafi ya fi magani. Yawancin masu riƙon janwe da Hausa suka koyi aiki, gargaɗin da ke jikin na'urar kuwa da Turanci yake. Wajibinmu ne mu je Kakuri da Makera, mu tattara kalmomin makanikai daga bakinsu, mu daidaita su, mu mayar musu a rubuce.